Cututtukan da Ba Sa Sallama: Hawan Jini, Ciwon Sukari da Abin da Ya Rataya a Wuyanmu

Duk wanda ya taɓa zama a kwamitin rabon zakka ya san yadda takardun neman taimako suka sauya kama a 'yan shekarun nan. Neman abinci da jari da kuɗin makaranta yana nan yadda aka san shi, amma yanzu a tsakaninsu ana yawan cin karo da takardar asibiti: magidanci da ɓarin jikinsa ya shanye, uwar 'ya'ya da likita ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda, dattijo da za a yanke wa ƙafa saboda gyambon ciwon sukari. Abin da ake nema wa mutum ɗaya daga cikinsu kan kai kuɗin da zai ba gidaje da dama jari. Kuma ba biya ɗaya ake yi a huta ba. Kafin wata ya kama, dangin mara lafiya sun sake dawowa.

Wannan maƙala bayani ce ga masu ba da zakka da waƙafi da kwamitocin masallatai a kan waɗannan cututtuka: daga ina suke, me ya sa suke ƙaruwa a ƙasashe masu tasowa, kuma a wane mataki ne dukiyar da aka ba mu amana za ta fi yin amfani.

Girman al'amarin

Likitoci suna kiran su cututtukan da ba a ɗauka, domin ba sauro ke kawo su ba, ba a kuma shan su a ruwa ko a ɗauke su daga tarin wani. Manyansu huɗu ne: cututtukan zuciya da jijiyoyin jini, ciwon daji, cututtukan numfashi masu daɗewa irin su asma, da ciwon sukari. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 sun nuna cewa suna sanadin mutuwar mutum miliyan 41 a kowace shekara, wato kashi 74 cikin ɗari na dukkan mace-macen duniya. Cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kaɗai suna da miliyan 17.9, ciwon daji kuma miliyan 9.3.

An daɗe ana ɗaukar su a matsayin cututtukan Turawa da attajirai, amma alƙaluman sun ƙaryata wannan zato. Daga cikin masu mutuwar, miliyan 17 ba su kai shekara 70 ba, kuma kashi 86 cikin ɗari na waɗannan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki suke. Ma'ana, a ƙasashen da suka ci gaba ciwon yakan ɗauki tsoho bayan ya gama renon 'ya'yansa, a namu ƙasashen kuwa yana ɗaukar mai ciyar da gida yana tsakiyar ƙarfinsa. Ga shi kuma zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da kwalara ba su tafi ba, don haka kaya biyu ne a kan asibitin da ɗaya ma ya yi masa nauyi. Wannan ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi taron shugabannin ƙasashe a kan batun a watan Satumba na 2011, karo na biyu ke nan a tarihinta da ta yi irin wannan zama saboda lafiya, bayan na cutar ƙanjamau a 2001. Daga baya aka sa burin rage mutuwar wuri daga waɗannan cututtuka da kashi ɗaya bisa uku kafin 2030.

Abin da ya fi shafar aikin zakka shi ne wanda ke biyan kuɗin. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin ɗari na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu, amma ƙalilan ne suka cika. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa a Najeriya, sai dai har yanzu manomi da ɗan tireda da mai wankin hula akasari ba su shiga ba. Saboda haka ciwo mai daɗewa yakan fara da cin ajiya, ya koma kan tumaki, ya ƙare da gona. Gidan da bara ya fitar da zakka, bana sai a same shi a layin masu karɓa.

Yadda ciwon yake aikinsa a ɓoye

Zuciya tana tura jini cikin jijiyoyi da wani ƙarfi, kamar yadda injin ban-ruwa ke tura ruwa cikin mesa. Idan ƙarfin ya wuce kima shekara da shekaru, bangon jijiyoyin yakan yi kauri ya ƙanƙance, zuciya ta wahala, ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da ido su lalace. Wata rana jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, sai a ce mutum ya faɗi a banɗaki ɓarin jikinsa ya shanye. Faɗuwar ta rana ɗaya ce, amma ciwon ya yi shekaru yana shiri. Ana tabbatar da hawan jini idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye a ranaku biyu mabambanta. Mafi yawan masu shi ba sa jin komai, ko ciwon kai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce masu hawan jini sun ninka daga miliyan 650 a 1990 zuwa biliyan 1.3 a 2019, kusan rabinsu ba su san suna da shi ba, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun maganin da ya wadatar.

Ciwon sukari kuwa yana faruwa ne idan jiki ya gaza samar da isasshen sinadarin insulin, ko ya daina jin aikinsa, sai sukarin da abinci ya zama ya taru a jini maimakon ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Jini mai yawan sukari yana cin jijiyoyi a hankali: gani ya dushe, ƙafa ta mutu har mutum ya taka ƙusa bai sani ba, ƙaramin rauni ya zama gyambo. Alamominsa su ne yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama ba dalili, amma sukan makara. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da shi a Afirka, kashi 54 cikin ɗari ba su sani ba, kuma adadin zai kai miliyan 55 a 2045.

Waɗannan biyu su ne kan gaba wajen kashe ƙoda. Idan ta mutu, abin da ya rage shi ne dashe, ko wanki sau biyu zuwa uku a mako, kowane zama kimanin awa huɗu, har iyakar rai. Takardar wankin ƙoda da ke isowa gaban kwamiti, sau da yawa ƙarshen labari ce da ya fara shekara goma da suka wuce, lokacin da ƙwaya ɗaya a rana za ta iya tare shi.

Abin da ya sauya a rayuwarmu

Gado da shekaru suna da nasu rabon, kuma ba a iya sauya su. Amma jinin mutane bai canza cikin shekara arba'in ba. Abincinsu da zamansu ne suka canza.

Na farko gishiri. Abin da aka yarje wa babban mutum bai kai giram 5 a rana ba, wato ƙasa da cokalin shayi ɗaya, amma matsakaicin abin da mutanen duniya ke ci ya haura ninki biyu na haka. Gishirin da uwargida ke barbaɗawa a miya ɓangare ne kawai. Dunƙulen magi gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, haka garin ɗanɗanon da ke cikin ledar taliyar yara, da yajin tsire da kilishi, da burodi. Kanwa ma, da muke sa wa a wake da kunu, tana ɗauke da sinadarin sodiyam, wanda shi ne ɓangaren gishiri mai tayar da jini. Tukunya ɗaya takan haɗa gishiri da dunƙule huɗu da kanwa, ba wanda ya lissafa. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro sun daɗe suna ba miyarmu armashi tun kafin zuwan dunƙule, kuma harshe yakan saba da ragin gishiri cikin 'yan makonni.

Na biyu sukari da abincin da aka cire wa dusa. Iyakar da aka shata wa babba ita ce kimanin giram 50 a rana, cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya kan ƙunshi har cokali 10. A ƙara da shayin safe, da zoɓo da kunun aya da furar da aka cika wa sukari, sai a ga an wuce iyaka kafin azahar. Wake yana narkewa a hankali, ba ya ɗaga sukarin jini farat ɗaya. Farar shinkafa da fulawa kuwa nan da nan suke zama sukari. Abin takaici, abincin kakanni shi ake yi wa kallon na talaka, lemon kwalba kuma shi ne karramawar baƙo da adon biki. Ana son mutum ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, kuma zogale da rama da alayyafo da yakuwa da gwaba da mangwaro ba daga waje ake kawo su ba. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai sukari da Najeriya ta sa a dokar kuɗi ta 2021 ya nuna hukuma ta farga, amma abin da ke shiga tukunya da kofi a gida ake yanke hukuncinsa.

Na uku zama. Wanda ya tashi a ƙauye yana noma, yana tafiya kasuwa a ƙasa, matarsa tana daka da ɗiban ruwa, ya dawo birni ya zauna a shago daga safe zuwa magariba, ko masallacin unguwa a babur yake zuwa. Abin da jiki ke buƙata shi ne aƙalla minti 150 na motsi a mako, kamar tafiya da sauri ta rabin awa a kwana biyar. Matan da ba sa fita sun fi kowa buƙatar a tuna da su a nan, domin ƙiba da ciwon sukari suna samun su a tsakar gida ba wanda ya lura.

Na huɗu hayaƙi. Taba tana kashe fiye da mutum miliyan 7 a shekara, ciki har da sama da miliyan ɗaya da ba su sha ba, shaƙa kawai suka yi daga na kusa da su, kuma kimanin kashi 80 cikin ɗari na mashayanta a ƙasashe masu tasowa suke. Shisha da matasa ke ɗauka ƙamshi ce kawai, taba ce ita ma. Hayaƙin itace da gawayi a rufaffen madafi shi ma yana da hannu a mutuwar mutum kimanin miliyan 3 a shekara, kuma mata da yaran da ke goye su ne suka fi shaƙarsa. Giya tana cikin wannan jeri a duk inda ake shan ta.

Akwai na biyar da ya kamata a ambata: shan magani barkatai. Ƙwayoyin kashe ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda leburori da 'yan acaɓa ke haɗiya kullum don gajiya, suna lalata ƙoda idan aka daɗe a kansu. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba a ciki ba, da wasu mayukan bilicin.

Inda sani ya tsaya

Jama'a da yawa sun ji sunan hawan jini; abin da ya yi ƙaranci shi ne sanin da ke sa mutum ya miƙa hannu a auna shi. Wasu fahimtoci sun tsaya a hanya. Ana ɗaukar tumbi da ƙiba alamar hutu da wadata. Ana jingina hawan jini ga tunani kaɗai, sai wanda ba shi da damuwa ya ga ya tsira. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, sai a ce jifa ne ko iska, a shafe kwanaki ana hayaƙi da shafe-shafe, alhali awannin farko su ne masu tsada; mai waɗannan alamu asibiti ake kai shi nan take, addu'a kuma tana tafe tare da shi. Mafi yaɗuwa ita ce ɗaukar maganin hawan jini kamar na zazzaɓi: a sha na wata ɗaya, a ji daidai, a ajiye. Maganin yana riƙe jinin ne muddin ana shan sa. Ranar da aka bari, jinin ya koma inda yake, ba tare da ya sanar ba.

Talauci ma yana da nasa hannu. Wanda abincinsa na yau ya dogara ga fitar yau ba zai bar kasuwa ya je ya bi layin asibiti don ciwon da ba ya ji ba. Shi ya sa wa'azin a je asibiti kaɗai ba ya isa.

Abin da aka gwada a wasu ƙasashe

Misalai uku sun isa su nuna cewa lamarin yana jin magani. A yankin Kareliya ta Arewa a ƙasar Finland, inda ciwon zuciya ke kashe maza matasa fiye da kusan ko'ina a duniya, an fara wani shiri a 1972 ƙarƙashin likita Pekka Puska. An bi ta ƙungiyoyin mata da makarantu da shaguna da shugabannin ƙauyuka don rage man shanu da gishiri da taba. Cikin shekara 40, mutuwar maza masu shekarun aiki daga ciwon zuciya ta ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

A ƙasar Sin, wani bincike da aka wallafa a 2021 ya bi mutum kusan 21,000 a ƙauyuka 600 na kimanin shekara biyar. An ba rabinsu gishirin da aka maye kashi ɗaya bisa huɗunsa da sinadarin fotasiyam. Shanyewar jiki ta ragu da kashi 14 cikin ɗari a cikinsu, mutuwa kuma da kashi 12. Irin wannan gishiri bai dace da mai ciwon ƙoda ba, amma darasin a fili yake: ɗan canji a tukunya yana ceton rai.

Na uku ya fi kusa da aikin kwamitin masallaci. A birnin Los Angeles na Amurka, an yi gwaji a shagunan aski 52 da baƙaƙen fata ke zuwa, aka wallafa sakamakon a 2018. A wasu shagunan, masu aski sun riƙa ba abokan cinikinsu masu hawan jini shawara su gyara rayuwa su ga likita. A sauran, an kawo ƙwararren mai harhaɗa magunguna cikin shagon, yana awo yana ba da magani da amincewar likitoci. Bayan wata shida, lambar sama ta awon jini ta sauka da kimanin 9 a rukunin farko, a na biyu kuwa da 27. Nasiha ta yi ɗan amfani. Nasiha tare da awo da magani a wurin da mutum ya saba zuwa, gun mutanen da ya yarda da su, ta ninka amfanin sau uku. A ƙasarmu ba wurin da magidanta ke taruwa sau biyar a rana cikin aminci kamar masallaci, ba kuma inda mata ke haɗuwa a kai a kai kamar makarantun Islamiyya.

Rabon zakka da rabon waƙafi

Matalaucin da ciwo ya kwantar yana cikin masu haƙƙin zakka, haka wanda bashin asibiti ya yi wa katutu. Ba za a juya wa mai neman kuɗin wankin ƙoda baya ba. Sai dai kuɗin zama ɗaya na wanki zai sayi maganin hawan jini na watanni, don haka ya dace kwamitoci su riƙa neman matalautan da aka gano ciwonsu da wuri, su ɗauki nauyin maganinsu na wata-wata ko su biya musu inshorar lafiya, kafin su kai ga gadon asibiti.

Yawancin malamai suna sharɗanta a mallaka wa mai haƙƙi zakka a hannunsa, saboda haka kayan amfanin kowa, kamar na'urar awon jini da ta sukari da alawus ɗin ma'aikacin jinya, daga waƙafi da sadaka ya fi dacewa su fito. Dama ciwon da ba ya warkewa yana buƙatar taimakon da ba ya yankewa, kuma siffar waƙafi ke nan. Magabata sun gane haka: asibitin da Nuruddin Zangi ya gina a Dimashƙa a 1154, da wanda Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284, da kuɗin waƙafi suka riƙa jinyar mutane kyauta ɗaruruwan shekaru. Shago ɗaya ko gidan haya ɗaya da aka tsayar don magungunan masu hawan jini na unguwa yana kan wannan tafarki.

Abin da kwamitin masallaci zai iya farawa da shi ba shi da yawa. A samu na'urar awo mai inganci, a nemi ma'aikacin lafiya daga cikin masu sallah a masallacin, a tsayar da rana a wata, a yi wa mata nasu zaman da ma'aikaciya mace. Wanda za a auna ya zauna ya huta minti biyar, bayansa a jingine, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji, ba ya magana, a auna sau biyu. A rubuta masa lambarsa a kati ya tafi da ita, kuma a kiyaye sirrinsa. Tun kafin a fara, a yi magana da asibitin da ke kusa, domin awon da ba a bi shi da magani ba tayar da hankali ne kawai. Wanda awonsa ya kai 180 bisa 120, musamman in yana jin ciwon ƙirji ko kai ko ganinsa ya dushe, ba a jira gobe. Masallaci ba ya rubuta magani. Aikinsa ya gano, ya tura, ya bibiya.

Limamai suna da dama a huɗuba. Ranar 17 ga Mayu ta hawan jini ce a duniya, 31 ga Mayu ta yaƙi da taba, 14 ga Nuwamba ta ciwon sukari. Watan Rajab kuma lokaci ne na tunatar da masu ciwon sukari su ga likita, domin ƙa'idar da masana suka fitar ita ce a duba su mako shida zuwa takwas kafin azumi, a daidaita musu magani, a gaya wa wanda azumi zai cutar da shi ya karɓi rangwamen da shari'a ta yi masa. Ɗigon jinin da ake ɗauka a yatsa don awo ba ya karya azumi, kuma wanda sukarinsa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a ma'aunin miligiram an umarce shi ya sha ruwa. Kwamitin da ke raba abincin buɗa-baki da kayan azumi shi ma ya duba abin da yake rabawa: gero da wake da dabino da ruwa sun fi katan-katan na lemo da buhunan sukari.

Ajali yana hannun Allah, kuma neman magani ba ya cin karo da tawakkali. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage yawan marayun da ake bari saboda ciwon da awon minti biyar zai iya tonawa. Muna kira ga kowane mai ba da gudummawa ya fara da kansa da iyalinsa, ya san lambar jininsa kamar yadda ya san nisabin dukiyarsa, sannan ya duba abin da zai tsayar domin maƙwabcinsa da ba shi da hali. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya karɓi abin da aka bayar, ya sanya albarka a abin da ya rage.